Tanbihi ga 'Yan'uwa a kan Littafin Baba Mutuniyar Karo

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Amma ba'du. Wannan 'yar takarda ce zuwa ga 'yan'uwana almajirai na ƙasar Karaye da Rogo, a kan wani littafi wanda asalinsa ƙasarmu ne, ya tafi har Ingila da Amurka ana karanta shi a manyan makarantunsu, mu kuwa a zaurukanmu ba safai ake jin sunansa ba. Shi ne labarin Baba mutuniyar Karo. Nufina in faɗi abin da na gani a cikinsa na kyau da na aibi, da yadda ya kamata mai hankali ya karanta shi.

Ka sani, ya ɗan'uwana, ita wannan Baba an haife ta wajen shekarar 1877 a Karo, wani ƙauye na manoma kusa da Zarewa, can inda ƙasar Kano ta yi iyaka da ta Zazzau. Zarewa yau tana cikin Rogo, Rogo kuwa dā ƙasar Karaye ce. Kakanninta Barebari ne, ubanta manomi ne kuma malami, gidansu suna da rinji da bayi. Ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai 'ya'yan riƙo. Da ta tsufa tana zaune a Giwa ta ƙasar Zazzau, sai ta gamu da wata Baturiya, Mary Smith, matar wani mai binciken al'adu da ake kira M. G. Smith. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, wato shekarar 1369 ta Hijira, ta riƙa faɗa da Hausa, Baturiyar tana rubutawa da hannu. Baba ta rasu a 1951, Allah ya jiƙanta, ba ta ga littafin ba. An buga shi da Ingilishi a Landan a 1954, na Hausa kuwa sai da aka shekara fiye da 30 kana ya fito.

Fasali a kan abin da ya fifita shi. Littattafan tarihin Kano da muke da su, ka duba su. Tarihin sarakunan Kano, wanda aka yi da Larabci, yana lissafa sarki bayan sarki tun daga Bagauda, da shekarun kowa da yaƙinsa. Taƙyidul Akhbari na Alƙali Muhammadu Zangi, wanda ya gama a 1868, yana ba da labarin jihadi, da taruwar jama'a a Kwazazzabon 'Yar Kwando nan yamma da birni, da abin da ya biyo baya. Littattafai ne masu daraja, ba mai raina su sai jahili. Amma ka nemi mace a cikinsu tana daka, ko amarya tana gudun ɗakin miji, ko yadda ake yaye yaro, ko abin da mutanen ƙauye ke yi kadan aka yi kururuwa mahara sun taso, ba za ka samu ba. Waɗannan duka suna cikin labarin Baba. Ta faɗi zaman rinji, da yadda bayi ke yin aikin gandu sa'an nan su koma gayaunarsu, da gudun da ake yi daga ƙauye zuwa gari mai ganuwa, da yadda aka kama danginsu aka tafi da su, aka bi sawu aka fanshe su da wuri. Ta faɗi auren zumunci da aka yi mata na fari, da ƙawance na mata da bikin da suke yi wa juna, da kunyar ɗan fari, da zaman kishiyoyi. Ba ta ƙawata magana, ba ta kare kanta. Inda ta bar miji sai ta ce ta bar shi, ta faɗi dalili, ta wuce. A wurina wannan shi ne mafificin abin da ke cikin littafin, zama mai ba da labarin kansa galibi alƙalin kansa ne mai karɓar toshi, ita kuwa ba ta cika yin haka ba.

Kadan ka ce, ashe ba littafin nan ne ke da zancen bori da karuwai ba, yaya almajiri zai sa shi cikin gafakarsa? Sai in ce maka, mai ba da labarin munkari daban, mai aikata shi daban. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yarda da shi, ya zayyana al'adun ƙasar Hausa ɗaya bayan ɗaya a cikin Nurul Albabi da Kitabul Farƙi, domin ba a yi wa cuta magani sai an san kamanninta. Kuma a cikin Nurul Albabin nan ne ya zargi malaman da ke karantar da almajiran waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. To ga 'yar malam, mai kaifin tunani da riƙon magana, an haife ta shekara 60 bayan rasuwar Shehu, labarinta bai shiga takarda ba sai da baƙuwa ta zo daga bayan teku ta riƙe mata alƙalami. Wannan zargi ba a kan littafin yake ba, a kanmu yake.

Amma kada ka ɗauke shi ka haɗiye duka. Ka auna shi da ma'aunin da malaman hadisi suka koya mana a wajen riwaya, ko da yake ba hadisi ba ne. Ka fara da rabe abin da ta gani da idonta daga abin da ta ji. Inda take zancen cikin gida, da aure, da biki, da haihuwa, shaida ce ta gani, ka riƙe ta da ƙarfi. Inda take zancen sarakuna da abin da ya faru a fada, da wa ya riga wa, ji ta yi kamar kowa, kuma tsohuwa ce mai shekara 70 da ɗoriya tana tuna yarinta. Nan sai ka gwada da wani littafi.

Sa'an nan ka tuna wa take faɗa wa. Ta nuna murna da zuwan Nasara, waɗanda suka ci Kano a 1903 tana da shekara 26 ko kusa da haka, ta ce su Haɓe sun so zuwansu, Fulani ne ba su so ba, domin hari da kamun mutane sun ƙare. Ban ce ƙarya ta yi ba. Wanda ya kwana da tsoron mahara tun yana goye, ya san daɗin barci har safe. Amma Baturiya take faɗa wa, a zamanin da mulki ke hannun Turawa, baƙo kuwa ba a cika faɗa masa aibin gidansu a idonsa ba. Kuma mai tambaya shi ke jan akalar mai amsawa. Abin da mijin Baturiyar ya zo bincike a kansa, wato dangantaka da aure da sana'a, shi ya cika littafin. Karatun allo na gidansu, da littattafan da ubanta ke karantawa, da malaman da ya ɗauka a wurinsu, waɗanda mu su za mu fara tambaya, ba su sami rabo mai yawa ba.

Babban giɓinsa a ganina shi ne bayi. Ita 'yar iyayen giji ce, daga wannan gefe ta ga rinji. Tana ambatonsu da alheri, tana kuma faɗin yadda suka watse bayan zuwan Nasara, amma abin da ke cikin zuciyar wanda aka raba da uwarsa aka kai kasuwa ba ita za ta faɗa maka ba. Wanda ke son wannan ya haɗa da labarin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama aka sayar, daga baya ya bi Bature Barth har Ingila, ya faɗi labarinsa da Hausa a wajen Schön a 1856, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Kadan ka ajiye su biyu gefe da gefe, ka ga kasuwa ɗaya ta ƙofa biyu.

Wanda ya iya harsunan biyu, ya karanta na Hausa. Na Ingilishi an yi shi da amana gwargwadon iko, amma tarjama tufar aro ce. Waƙoƙin 'yammata da habaici da kirarin da ke ciki, can sun zama bayani, gishirinsu ya tafi.

Fasali a kan rubutu. Kada wani ya ce irin wannan aiki ba na malamai ba ne. Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, wanda ya rasu a Karaci ta ƙasar Gana a 1934, malami ne na sosai mai ƙasidu da Larabci, kuma ya zauna ya rubuta da ajami labarin noma da fatauci da aure da sana'o'in Hausawa. To a ƙasar nan tamu yanzu akwai tsofaffi da suka ga zamanin gyaɗa, suka biya haraji da jangali kafin a soke su a Kano a 1979, suka ga garuruwan da aka tayar sa'ad da aka datse kogin Calawa a ƙasar Karaye, aikin da aka gama a 1992. Sun san inda kasuwa take da inda maƙabarta take a wuraren da yau sai masunta ke bi ta kai da kwalekwale. Kowace damina ana rasa wasu daga cikinsu.

Kadan za ka rubuta daga bakin ɗayansu, ka fara da sunansa da garinsa, da ranar zaman, da wanda ke wurin yana ji, domin maganar tsohuwa a gaban surukinta ba ita ce maganarta a gaban jikarta ba. Ka bar lafazinsa yadda ya fito. In ya ce abin da kake ganin kuskure ne, kada ka gyara masa a cikin matani, ka sa naka a hashiya da jar tawada, mai zuwa ya san muryar kowa. Ka riƙa tambayarsa, wannan gani ka yi ko ji? In ka gama ka karanta masa ya ji, kamar yadda muke muƙabala bayan juyar littafi. Mata kuwa mata su rubuta musu, zama abin da Baba ta faɗa ba namiji baƙo da zai same shi daga bakinta. Ɗaukar murya da waya yana da amfani, amma waya tana faɗawa rijiya, ana sace ta, ana sayar da ita ranar babu. Ka juye a takarda, ka yi biyu, ka ajiye ɗaya a wani gida saboda gara da yoyon ɗaki.

Ka kula da wasulla a sunayen garuruwa da mutane. Rufu'a ɗaya ce ke ba da Karo ta ba da Karu, kuma Rogo kadan aka bar shi ba wasali mai karatu daga nesa sai ya ce rago. Saboda haka ka cika wa suna wasalinsa da ɗaurinsa, ka sake rubuta shi da boko a gefen warƙa, ka faɗi garin da yake kusa da shi da gabas ko yamma.

Tammat bi hamdillahi. Wallahu a'alamu.