Jinjina ga Masu Sintirin Ƙanƙara

Baƙon da ya je yini guda wasan zamiya a Chamonix, gindin tsaunin Mont Blanc a Faransa, garin da ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, da wuya ya san waɗanda suka share masa hanya. Tun asuba, sanyi na cizon yatsu, masu sintiri sun haye sama. Nakiya suke tayarwa da gangan, su zubo da dusar ƙanƙarar da ke shirin ruftowa, kafin kowa ya iso. In wani ya karye, su ne ke naɗe shi da bargo, su gangaro da shi a hankali. Har karnuka suke horarwa, masu shinshino wanda ƙanƙara ta binne. Sannunku da aiki!