Gurbin da babu kowa: jadawalin alamomi da sifofin taurarin labari a ƙasar Ƙonni da Adar

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa duba kundayen ɗalibai kan adabin baka ya san wannan shafi: jadawali mai gida-gida, sunayen taurari a hagu, daga sama kuma an jera dabba, launi, kayan aiki da hali. Kowane tauraro da rabonsa, ba a bar gurbi ko ɗaya ba. Shafin yana da kyaun gani, mu kanmu mun sha yaba shi wurin kare kundi. Abin da muke son nunawa a wannan takarda shi ne, labaran da ake bayarwa a Ƙonni, Malbaza da Ilela suna raba wa taurarinsu alamomi, amma ba kasafai rabon yake cika ba. Idan ɗalibi ya cike gurbin da kansa, ya sa wa al'ada magana a baki, wanda ya biyo bayansa kuma zai ɗauke ta a matsayin hujja.

1. Tushen dabarar

Dabarar ta zo mana ta hanyar Faransanci. Littafin Vladimir Propp kan ƙirar tatsuniya ya fito a 1928, fassararsa ta 1970 ce aka fi karantawa a jami'o'inmu. Propp ya ƙidaya ayyuka 31 da matsayi bakwai na taurari. Greimas a 1966 ya mayar da matsayin shida. Sai dai ana manta cewa Propp ya kafa nazarinsa a kan aiki, domin a ganinsa aiki ne tsayayye, suna da kama da tufafin tauraro kuwa masu sauyawa ne daga labari zuwa labari. Ɗalibanmu sun ari jadawalin, suka zuba masa abin da mai shi ya ce ba ya zama wuri ɗaya.

2. Tatsuniya

Mu fara da inda jadawali ya fi samun gindin zama, wato labarin ƴar Bora da ƴar Mowa. Denise Paulme, a littafinta na 1976, ta kira irin wannan gini tatsuniya mai kama da madubi: taurari biyu, hanya ɗaya, jarrabawa ɗaya, sakamako biyu. Ƴar Bora tana gaida duk abin da ta tarar, tana cuɗa wa tsohuwa baya, tana ɗaukar ƙwan da bai yi magana ba, ta koma gida da dawaki da shanu. Ƴar Mowa tana yin akasin haka, ta koma da kutare da makafi. Nan kam gida biyu ne, kuma sun yi daidai.

Amma mu lura da abu biyu. Na farko, sifofin nan duk ayyuka ne. Babu launin da aka keɓe wa ƴar Bora, babu dabbar da take tata. Wanda ya rubuta mata fari, ya ba ƴar Mowa baƙi, daga aljihunsa ya ciro. Na biyu, uban yaran ba shi da abokin gwami a labarin. Shi ya fifita mace ɗaya, shi ya bari aka kori ƴarsa zuwa daji, kuma galibi labari yakan ƙare ba a ce masa uffan ba. Jadawali mai gida biyu ba shi da wurin ajiye shi, saboda haka yakan ɓace daga kundi, alhali kuwa matan da suke ba da gatana a gidan kishiyoyi sun san waye shi.

Tatsuniyar dabbobi ta fi wannan gardama. Ana rubuta Zaki da sarauta, Kura da haɗama, Dila da malanta, Gizo da wayo, kamar an raba gado. To amma Gizo ya yi tarayya da Kura a haɗama, ya yi tarayya da Dila a wayo. Abin da ya raba shi da Kura shi ne ita tana da wauta da tsoro. Abin da ya raba shi da Dila shi ne shi wayonsa yakan ci shi. Sifar da take tasa shi kaɗai, tsamin baki, a muryar mai ba da labari take, kuma rubutu yana kashe ta. Ƙoƙi ma ba kishiyar halin mijinta ba ce: wata rana ta tsawata masa, wata rana ta taya shi cin abin da ya sato.

3. Hausa bakwai

Labarin Bayajida ya ba mu rabo mafi shahara a ƙasar Hausa. Heinrich Barth ya ji shi a tafiyarsa ta shekarun 1850: Kano da Rano sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi. In muka ƙidaya, muƙamai huɗu ne aka raba wa mutum shida, biyu na tarayya, biyu na mutum ɗaiɗai, Biram kuma, na bakwai, bai samu kome ba. Rabon ya bi yanayin ƙasa da sana'a: Gobir tana arewa tana fuskantar Abzinawa, Zazzau tana kudu inda ake kai farmakin bayi. Adadin bakwai daban, rabon muƙami daban, an haɗa su ne ba tare da sun yi daidai ba.

Ga mutumin Ƙonni ko Ilela matsalar ta fi haka. Ba a lissafa Ƙonni ko Adar cikin Hausa bakwai ba, ba su kuma cikin Banza bakwai da aka saba jerawa, ga shi kuwa Hausa ce harshen mutanensu. Gidan Sarkin Adar da ke Ilela yana danganta kansa da Agabba, ɗan Sarkin Agadas, wanda ya ci Adar a ƙarshen ƙarni na 17, kamar yadda Djibo Hamani ya bi diddigi a littafinsa na 1975. Asalin wannan sarauta arewa yake kallo, ba rijiyar Kusugu ba. Ɗalibin da ya tura Ƙonni cikin gidan Gobir don jadawali ya cika, ya shafe tambayar da ta fi muhimmanci: wa ya tsara jerin, daga wane gari, kuma don amfanin wa?

4. Iskoki

Wani zai ce ai a bori rabon cikakke ne, tunda kowane iska yana da labarin asalinsa, da tufafinsa, da dabbar da ake yanka masa. Gaskiya ne Malam Alhaji yana da fararen kaya da tasbaha da tarin tsufa, Ɗan Galadima yana da rigunan ƴan sarki da kyauta, kuma Fremont Besmer a 1983 ya bayyana birnin Jangare mai gidaje 12. Amma Doguwa Fara da Doguwa Baƙa, waɗanda ake gaggawar fassarawa da alheri da sharri, kowace tana kamawa tana kuma saki; wannan fuska biyu ita ce jigon littafin Jacqueline Monfouga-Nicolas na 1972. Aikin Nicole Échard na 1989 a Adar da Kurfai ya nuna jerin iskoki yana tafiya da tarihi. Babule, iskoki masu kayan sojan Turawa, sun bayyana wajen 1925 a ƙasar Filinge, aka buɗe musu wuri. Jerin da yake karɓar baƙi ba a rufe shi da layi.

Kammalawa

Ba mu ce a jefar da jadawali ba. Kayan aiki ne mai amfani wurin tara bayani. Shawararmu uku ce. A rubuta kusa da kowace sifa bakin da aka ji ta da garin da aka ji ta, domin abin da aka faɗa a Galmi ba lalle ne a faɗe shi a Masalata ba. A raba sifar da aka furta da wadda mai nazari ya hango. Sannan a bar gurbin da babu kowa a buɗe, a keɓe masa sakin layi. Mu malamai kuma, ranar kare kundi, mu fara tambaya daga gidan da ya fi kowane cika.