Ƙidayar Ambato da Gadon Mortimore a Karkarar Kano

Tun da Eugene Garfield ya fito da kundinsa na ƙidayar ambato a 1964, jami'o'i suka ɗauki wata al'ada ta auna malami da yawan abin da ya wallafa da kuma yawan waɗanda suka kafa hujja da shi. A 2005 Jorge Hirsch ya dunƙule waɗannan biyu cikin lamba guda. Wannan ɗan sharhi zai gwada ma'aunin ne a kan Michael Mortimore (1937-2017), wanda ya koyar da labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962, ya koma Jami'ar Bayero a 1979.

In aka bi ƙidaya, aikinsa da ya fi yawo a alƙaluman manazarta shi ne More People, Less Erosion (1994), wanda ya rubuta tare da Mary Tiffen da Francis Gichuki a kan Machakos ta ƙasar Kenya. Amma fa tushen maganar ba can yake ba. Yana cikin ɗan littafin da shi da J. Wilson suka fitar a Zariya a 1965, a kan ƙasa da mutanen karkarar da ta kewaye birnin Kano. A nan aka nuna yadda manomi ke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, ba ta gaji ba: jakai su kai itace birni su komo da taki, a haɗa da kashin awaki da tumaki, a shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya, a bar ɗorawa da gawo da tsamiya tsaye. Wato yawan jama'a bai cinye ƙasar ba, hannuwa ya ƙara mata. Sashen jami'a ne ya buga wannan aiki, irin takardun da kundin Garfield bai leƙa ba. Saboda haka ma'aunin ya ɗaga ɗa, ya manta da uwa.

Akwai wani naƙasu kuma. Ƙidaya ba ta bambanta mai yabo da mai suka, alhali cikin masu ambaton littafin Machakos akwai waɗanda suka ce an gyara ƙasa amma talaka bai amfana kamar mai hali ba. Kowanne maki ɗaya ne.

Ba a ce ma'aunin banza ne ba. Ya nuna cewa duniya ta saurari hujjar. Sai dai bai ƙirga ɗaliban da suka zama malamai a Kano da Zariya ba, bai ƙirga abin da aka faɗa ko aka rubuta da Hausa ba. Manoman Tumbau da na Dagaceri kuwa, waɗanda aka yi shekaru ana bin gonakinsu ana tambaya, dabarar tasu ce, ga ta cikin Adapting to Drought (1989) da Working the Sahel (1999), amma ambaton duk da sunan marubuta yake shiga kundi.