Takardar Auren da Malami da Alƙali Duk Suka Yarda da Ita

A Amurka tsarin mulki ya ɗaure wa alƙali hannu, ba ya shiga hukuncin addini. Zai raba aure a kotu, amma sakin addini na Yahudawa, wanda suke kira get, a hannun miji yake. In ya ƙi bayarwa, matar sai ta zauna ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Malamansu ba su da ɗan sanda, ga shi kuma a fiƙihunsu sakin da aka ƙwata da ƙarfi ba bisa ƙa'ida ba, bai saku ba.

Nan gwanintar wani malaminsu, Rabbi Mordechai Willig, ta fito. Yarjejeniyar da ya tsara, wadda aka fara aiki da ita a shekarun 1990, ango da amarya ne ke sa mata hannu kafin ɗaurin aure. Bai rubuta tara ba, domin tara tilastawa ce, za ta ɓata sakin. Ciyarwa ya rubuta: daga ranar da suka daina zama tare, muddin igiyar auren tana nan, miji zai riƙa biyan kuɗi kullum. Ai ciyar da mata wajibinsa ne tun asali, malami ba shi da ta cewa. Shi kuwa alƙalin gwamnati bashi ya gani, ga adadi ga sa hannu, ba sai ya buɗe Attaura ba. A 2012 wata kotu a Connecticut ta amince da irin wannan takarda, ta dala 100 a kowace rana. Mai taurin kai ma, in lissafi ya fara hawa, yakan sauko.

Musulmin Amurka kuwa a kan sadaki suke buƙatar wannan dabara. A 1988 wata kotu a Kalifoniya ta ƙi tilasta biyan sadakin ajali, ta ce yana kwaɗaita rabuwa. A 2002 kuwa alƙali a New Jersey ya sa miji ya biya dala 10,000, don ya ɗauke shi alkawarin kuɗi tsakanin baligai biyu. Saboda haka gwanin lauya bashi yake rubuta sadakin, wanda mata za ta nema duk ranar da ta so, ba ladan saki ba.

Mai shirin aurar da 'yarsa a can, ya zaunar da liman da lauya tare kafin ranar ɗaurin aure.