Faɗin sautin da ke cinye muryar mawaƙi

Akwai wani yayi da ya kama masu tace sauti a situdiyoyinmu, musamman matasan da suka buɗe ido a kan FL Studio da Cubase: komai sai an baza shi. A baza murya hagu da dama, a baza amshi, a baza kiɗa, har karatun malami da aka ɗauka da makirufo ɗaya sai an fitar da shi a sitiriyo, wai don ya yi faɗi. Ni dai a ganina wannan yayin ɓarnarsa ta fi gyaransa, kuma mai sauraro ne yake kwana a ciki.

Makirufo ɗaya layi ɗaya yake bayarwa, mono ke nan. Idan ka adana shi a sitiriyo, ba ka ƙara masa komai ba, kwafi biyu kawai ka yi na abu guda. A tsarin WAV mai ingancin faifan CD, minti ɗaya na sitiriyo yana cin kusan megabait 10, na mono kuwa kusan 5. Lissafa tafsirin awa guda, sau kwana talatin na azumi.

Amma nauyin fayil ƙaramar matsala ce. Babbar tana wajen dabarun da ake bi a ƙirƙiri faɗin da babu shi tun asali. Wasu sukan jinkirta layin dama da ɗan ƙiftawar ido, wasu manhajojin kuma sukan juya igiyar sautin gefe ɗaya ta saɓa wa ɗayan. A cikin iyafis abin yana da daɗi, ba musu: sai ka ji kamar mawaƙin ya cika ɗakin. To amma duk na'urar da ke da sifika ɗaya dole ta haɗa layukan biyu wuri guda, kuma inda igiyar hagu ta tashi ta dama ta sauka, sai su kashe juna. Muryar ta sirance, ƙasan kiɗan ya zube, wani lokaci wani sashe ya ɓace ɗungurum. Ta wannan hanyar ce ma aka daɗe ana cire muryar mawaƙi daga waƙa da gangan. Mu kuma muna yi wa kanmu ba tare da mun sani ba.

A ina mutanenmu suke sauraro? A ƙaramar waya mai sifika ɗaya, a rediyon mai shayi, a ƙaramin akwatin Bluetooth na shagon aski, a cikin A Daidaita Sahu. Gajeren zango da matsakaicin zango duk a mono ake kama su. Ita kanta FM, tushen abin da take watsawa haɗin hagu da dama ne, bambancinsu kuma a aika shi daban, shi ya sa idan ka yi nisa da tasha rediyon mota yakan koma mono da kansa. Mai haɗa sauti ya kwana yana gyara da babban iyafis a kai, mutanen da aka yi waƙar dominsu kuwa wani abu daban suke ji.

Ba gaba nake yi da sitiriyo ba. Tun 1931 Alan Blumlein na kamfanin EMI a Ingila ya nemi rajistar fasahar, faifan sitiriyo kuma ya shiga kasuwa sosai a 1958. Duk da haka a 1967, lokacin da The Beatles suka yi kundin Sgt. Pepper, haɗin mono suka fi ba wa lokaci da hankali, domin sun san a nan yawancin masoyansu za su ji shi. Ba ƙarancin kayan aiki ba ne, sanin mai sauraro ne. Sitiriyo yana da gurbinsa: a ɗauki makaɗan kalangu da masu algaita da makirufo biyu, ka ji kowa a inda yake tsaye, ko mota ta wuce daga wannan gefen allo zuwa wancan a fim. Wannan faɗi ne na gaskiya, wanda ya zo daga filin da aka ɗauka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hirarrakin da ake ɗorawa a YouTube da Facebook murya na fita ta kunne ɗaya. An jona makirufon wuya a kyamara, ya shiga layin hagu kaɗai, na dama ya tashi fanko, aka fitar a haka. Wanda kunnensa na hagu ba ya ji ya rasa hirar baki ɗaya, haka ma abokai biyun da suka raba iyafis, ɗaya yana ji ɗaya yana kallon leɓe. Alhali a Audacity, wadda kyauta ce tun fitowarta a 2000, gyaran bai kai minti ɗaya ba: ka raba layukan biyu zuwa mono, ka goge fankon, ka fitar da mai muryar.

Roƙona ga 'yan'uwa masu wannan sana'a shi ne, babbar murya da ƙasan kiɗa da bugun babbar ganga su zauna a tsakiya, a bar wa amshi da ƙananan kayan kiɗa gefe. Kafin a miƙa wa mai waƙa aikinsa, a danna maɓallin mono a saurara daga farko har ƙarshe, sannan a tura shi cikin wayar da ta fi kowacce araha a situdiyon a sake ji. In murya ta nutse, a koma a rage bazawar.