A Sauya Filin Sauka, A Bar Kumbon Yadda Yake

Wata ɗabi'a ta kama masu ƙera wasannin bidiyo a 'yan shekarun nan, musamman ƙananan kamfanoni da masu aiki su kaɗai a ɗakunansu: a ɗauko tsohon wasan da kowa ya sani, a ɗora shi a kan tsarin Rogue, a kai kasuwa da sunan sabo. Shi Rogue ɗin ya fito ne a 1980 daga hannun Michael Toy da Glenn Wichman, ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya reshen Santa Cruz, kuma ginshiƙansa biyu ne. Duk lokacin da ka shiga, kwamfuta za ta zana maka sabuwar taswira wadda ba ka taɓa gani ba, in kuma ka mutu shi ke nan, sai ka koma farko hannu rabbana. Derek Yu ya ɗora wasan tsalle-tsalle a kan wannan tsari da Spelunky a 2008, FTL ya ɗora yaƙin kumbo a 2012, Slay the Spire ya ɗora kati, Balatro kuma ya ɗora karta a 2024. Ba abin mamaki ba ne da layi ya zo kan wasan saukar da kumbo a duniyar wata. Ra'ayina shi ne wannan haɗi ya dace, ya ma fi dacewa da yawancin waɗanda aka yi kafinsa, amma da sharaɗi: a ɗauki rabin da ke canza filin sauka, a bar rabin da ke ƙara wa kumbo ƙarfi bayan kowace faɗuwa.

Kafin a gane dalili sai an duba abin da wasan yake tun asali. A ƙarshen 1969, watanni kaɗan bayan saukar Apollo 11, wani ɗalibin sakandare a Lexington ta jihar Massachusetts mai suna Jim Storer ya rubuta shi a kan kwamfutar PDP-8. Babu hoto ko ɗaya. Kwamfuta ta buga maka tsayinka da gudunka da ragowar manka, kai kuma ka rubuta yawan man da za a ƙona a daƙiƙa goma masu zuwa. A 1973 Jack Burness ya yi masa hoto a kan allon GT40 na kamfanin DEC, sannan a 1979 Atari ta fito da Lunar Lander, akwatin da ake jefa wa kwabo a yi wasa a tsaye. Allonsa baƙi ne wuluk, duwatsun wata zanen farin layi ne siriri, kumbon kuwa ɗan ƙaramin abu mai ƙafafu. A gabanka akwai maɓallan juya shi hagu da dama, da wata babbar liba da kake turawa don ƙara wuta, da maɓallin gaggawa da ke cilla ka sama ya sha man da yawa. In ka kusanto ƙasa hoton ya matso, sai ka ga filin da ka hango daga nesa ashe bai fi faɗin ƙafafun kumbon da komai ba.

Abin lura shi ne babu maƙiyi a wannan wasa. Ba mai harbinka, ba mai binka. Wata na janyo ka ƙasa ba hutawa, gudun da ka ɗauka ba ya raguwa da kansa tunda babu iskar da za ta tare ka, man kuma yana ƙarewa. Wanda ya taɓa ganin direban tirela yana gangarowa daga tudu ya san matsalar: birkin da za ka taka a gindin tudu tun daga sama ake lissafinsa, in ka makara ba abin da zai tsayar da kai, in ka yi gaggawa ka ƙone birkin kafin ka iso. Duk ƙwarewar tana cikin hannu, a sanin yadda kumbo zai amsa in ka tura liba rabi na tsawon daƙiƙa biyu. Ba a karanta wannan a littafi, kuma ba wanda zai ba ka aronsa.

Raunin tsohon tsarin guda ɗaya ne, wato hadda. In duwatsun ba sa canzawa, bayan wani lokaci ɗan wasa ya daina tuƙi ya koma maimaita abin da ya haddace: juya nan, wuta can, saki a daidai wancan tsauni. A nan ne Rogue ke da magani, kuma tarihin sauka a wata na gaske yana goyon bayansa. Ranar 20 ga Yulin 1969 Neil Armstrong na Apollo 11 ya leƙa ta taga ya ga na'ura na kai kumbonsu wani fili mai cike da manyan duwatsu a gefen rami, sai ya karɓi tuƙi da hannu ya zarce gaba yana neman sarari, Charlie Duke daga Houston yana sanar da su saura daƙiƙa 60 na mai, can kuma saura 30. A Afrilun 2023 kumbon Hakuto-R na kamfanin ispace na Japan ya wuce ta saman gaɓar wani rami mai zurfi, awon tsayinsa ya yi tsalle da kusan kilomita 3 a lokaci guda, manhajarsa ta ɗauka na'urar awon ce ta lalace ta daina saurarenta. Ya yi zaton ya iso ƙasa alhali yana sama da kimanin kilomita 5, ya yi ta sauka a hankali har man ya ƙare, ya faɗo. A duka biyun ƙasar ce ta zo da abin da ba a shirya masa ba. Wasan da ke zana sabon fili kowane zagaye ya fi kusa da gaskiyar aikin fiye da wanda za a iya haddacewa.

Haka nan mutuwar da ba a dawowa daga gare ta tana ba mai daraja. In tanki ɗaya za ka ja daga sauka ta farko zuwa ta goma, to kowane ɗigo da ka ɓarnatar a ta biyu zai tsaya maka a wuya a ta tara. Atari ma ta san da wannan ciniki, shi ya sa ta sa wa filaye lambobin ninka maki, ƙaramin fili a wuri mai wuya ya ninka har sau biyar. FTL ya nuna yadda abin ke aiki a doguwar tafiya, inda kowane tsalle daga tauraro zuwa tauraro ke cin mai guda, rundunar 'yan tawaye kuma na biye da kai a baya. Har zuwa nan ba ni da ja.

Inda nake ja shi ne ɗaya rabin, wanda ma ba daga Rogue ya fito ba. Tun bayan Rogue Legacy a 2013 ya zama al'ada ɗan wasa ya tara zinare a zagaye, in ya mutu ya sayi ƙarin ƙarfin da zai zauna masa har abada. A wasan kumbo wannan na nufin tanki mafi girma, ƙafafun da ke jure duka, na'urar da ke daidaita maka kumbo da kanta. To in ka sauka lafiya bayan ka sha faɗuwa, wa ya ƙware, kai ko kumbon? Ba za ka taɓa sani ba, alhali sanin nan shi ne dukan ladan wasan. Akwai kuma ɓarna ta biyu da ta fi wannan. Hannu yana koyo ne in abin da yake riƙe da shi bai canza hali ba. Armstrong ya sha atisaye da wata na'urar shawagi da aka ƙera don ta amsa wa hannu kamar yadda kumbon gaske zai amsa a wata, har ta kusa hallaka shi a Mayun 1968 lokacin da ya yi tsalle da lema kafin ta tarwatse, kuma ya ci gaba da hawan irinta saboda ba wata hanyar saba hannu. In ƙarfin injin na ƙaruwa duk bayan zagaye biyu, abin da hannunka ya koya jiya ya tashi a banza yau. Sannan mai ƙera wasan, don sayen ƙarfi ya yi ma'ana, dole ya raunana kumbon farko da gangan. Ke nan faɗuwarka ta farko ba laifinka ba ce, an rubuta ta tun kafin ka taɓa liba. Wasan da darajarsa ita ce ba ya yi maka ƙarya ya fara da ƙarya.

Za a ce ai Hades na kamfanin Supergiant, wanda ya fito a 2020, yana da irin wannan ƙarin ƙarfi kuma ya samu yabon da ba kasafai ake samu ba. Gaskiya ne, amma Hades labari ne da ke ci gaba ta hanyar mutuwa, duk dawowarka gida akwai sabuwar hira da ke jiranka, faɗansa kuma yana da ma'aunai barkatai da za a iya ɗagawa ba tare da an taɓa zuciyar wasan ba. Wasan sauka kuwa ma'auninsa ɗaya ne tak, wato da wane gudu kuma a wace karkata ƙafafunka suka taɓa ƙasa. In ka sassauta wannan, me ya rage? Ga masu cewa sabon shiga na buƙatar tallafi, na yarda ɗari bisa ɗari, sai dai a ba shi a fili. Hades ɗin ma yana da wani zaɓi da ɗan wasa ke kunnawa da kansa, ya rage masa zafin duka da kashi 20 cikin ɗari, ragin kuma ya riƙa ƙaruwa da kashi 2 a kowace mutuwa. Akwatin Atari na da matakai huɗu, daga na koyo zuwa na ƙarshe inda juyin kumbo ba ya tsayawa sai ka tare shi da kanka. Wanda ya zaɓi mataki mai sauƙi ya san abin da ya zaɓa. Wannan daban yake da a sauƙaƙa maka a ɓoye a kuma bar ka kana yabon kanka.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa kada a yi mana wa'azin tsarkin zamanin da, domin Lunar Lander ta Atari mai take sayarwa ƙiri-ƙiri: man ya kusa ƙarewa, ka jefa wani kwabon a ƙara maka. Haka ne, kuma kwaɗayin kuɗi ne ba wani abu ba. Amma kwabon nan lokaci yake saya maka. Bai rage jan wata ba, bai faɗaɗa fili ba, mai kuɗi da talaka da gudu ɗaya suke tarwatsewa. Za su ƙara da cewa wasan ya bushe da yawa, shaida kuwa Atari da kanta ta dakatar da ƙera shi bayan akwatuna ƙasa da 5,000 don ta ba wasan Asteroids wuri, har Asteroids na farko aka fitar da su cikin akwatunan Lunar Lander. Wannan ma ya faru. Sai dai maganin bushewa an daɗe da gano shi, kuma a waje da kumbo yake. Gravitar na 1982 ya kawo duniyoyi masu ƙarfin ja daban-daban da koguna. Thrust, wanda Jeremy Smith ya rubuta wa BBC Micro a 1986, ya sa ka ɗauko kaya mai nauyi a rataye ƙarƙashin kumbo, yana lilo yana fizgarka a cikin matsattsen rami. Ga iska, ga duhu, ga ƙura, ga fili mai gangara. Kayan da za a cakuɗa sun isa a yi shekaru ba a ga zagaye biyu iri ɗaya ba.

Ban ce kada a sami zaɓin kayan aiki sam ba. In a tsakiyar tafiya aka ba ka ƙarin tanki, amma nauyinsa ya sa kumbo ya yi jinkirin amsawa, kuma ya tafi tare da kai in ka faɗi, wannan ciniki ne na gaskiya, irin wanda injiniyoyin roka ke fama da shi kullum. Abin da nake ƙi shi ne kyautar da ba ta da farashi, wadda ke fitowa daga akwati da walƙiya da kiɗa. Luca Galante, mai Vampire Survivors, bai ɓoye cewa ya yi aiki a masana'antar injinan caca ba, kuma kowa ya ga yadda akwatunan wasansa ke buɗewa zai gane makarantar. A can abin ya zauna daidai, tunda wasan ba ya da'awar gwada hannunka sosai. A wasan sauka kuwa yana ɗauke hankali daga lambobin da ke saman allo, waɗanda su ne rayuwarka. Spelunky ya fi zama abin koyi: kusan duk abin da kake ɗauka daga zagaye zuwa zagaye yana cikin kanka ne, kuma gasarsa ta kullum tana ba kowa taswira ɗaya da dama ɗaya tak a rana.

Don haka, mai karatu, kafin ka ba da kuɗinka ko lokacinka ga ɗaya daga cikin waɗannan sababbin wasanni, nemi amsar tambaya guda: shin gwani zai iya buɗe shi yau, da kumbon farko ba tare da ya sayi komai ba, ya kai ƙarshe? In amsar e ce, saya. In a'a ce, bar musu kayansu.