Waƙafin da Ya Ƙara wa Mamaci ’Ya’ya Huɗu

Wata ranar Juma’a da yamma aka turo mini sanarwar rasuwa ta WhatsApp, saura minti biyu in shiga shiri. Wani dattijo ne ya rasu a New Bell. Ga yadda aka rubuta: “ya bar yaya bakwai maza hudu mata uku jikoki da dama”. Babu aya, babu waƙafi, babu ƙugiya. Na buɗe baki na ce ya bar ’ya’ya bakwai maza, huɗu mata, sai na tarar da “uku” tana jirana ba ta da wurin zama. Kafin in gyara, magana ta riga ta fita. Bakwai ne duka: maza huɗu, mata uku. Ni kuwa na mayar da su goma sha ɗaya a kunnen duk mai saurare. Da dare ƙanen mamacin ya kira ni, ya ce, “Malam, su waye huɗun nan? Ka san fa ba a raba gado ba tukuna.” Ba wasa yake yi ba.

Laifina ne da ban duba ba. Amma tun ranar nake kallon rubutun Hausar da ke zuwa hannuna da wani ido daban, kuma abin da nake gani bai yi mini daɗi ba.

Mu Hausawan Duwala muna tsakanin makaranta biyu. Yawancinmu Faransanci muka karanta, littattafan Hausa kuwa daga Kano da Zariya suke zuwa mana. Shi ya sa za ka ga saƙo guda ya fara da “tchikin”, a layi na uku ya koma “cikin”. Za ka ga “ou” a wurin “u”, da “dj” a wurin “j”. Bafaranshe yana barin fili kafin alamar tambaya da ruwa biyu, yana buɗe zance da « ya rufe da », Bature ɗan Ingila ba ya yi. Mu sai mu haɗa duka a shafi ɗaya, kamar miyar da kowa ya jefa wa gishirinsa.

Ban damu da wace alamar zance mutum ya zaɓa ba. Jamhuriyar Nijar tana rubuta “ƴaƴa”, Najeriya tana rubuta “’ya’ya”, kuma kowanne yana karantuwa lafiya lau domin kowa ya tsaya a kan nasa. Abin da ke tuntsurar da mai karatu shi ne marubucin da ke sauya doka a tsakiyar hanya. Idonka ya saba da abu, sai a janye maka shi ba sanarwa.

Wani ƙanena da ke gina shafukan intanet a Akwa ya nuna mini irin wannan a sana’arsu. A harshen CSS, wanda da shi ake tsara launi da girman rubutun shafi, kowane umarni ana raba shi da na gaba da waƙafi mai ruwa. Na ƙarshe a jerin an yarda a bar shi babu. Duk da haka ya ce shi kullum sai ya sa, domin ranar da wani ya ƙara layi a ƙasa bai lura ba, umarnin biyu za su manne, kwamfuta ta yi watsi da su, ba ta ce uffan ba. Na ce masa ai gara kwamfutarku, ita shiru take yi. Ni faɗa nake yi wa gari.

Masu cewa Hausa ba ta da ƙa’ida su ne suka fi ba ni haushi. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya tun 1939. An zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980, duk a kan daidaita rubutu. An daɗe da yanke cewa “ita ce” daban, “itace” daban. “Ta fi” ba “tafi” ba ce. Ƙugiya ma ba ado ba ce. Wanda ya rubuta ana kiran matasan unguwa zuwa “fada”, ya kamata ya tabbatar ba “faɗa” yake nufi ba. Uzurin waya ya ƙare, tunda allon rubutun Gboard yana da ɓ, ɗ da ƙ.

Sai dai ina da magana da masu gyara su ma. Yaron da ya tashi a bayan Kasuwar Kongo, bai taɓa zama ajin Hausa ko sau ɗaya ba, ya yi ƙoƙari ya rubuta harshen uwarsa da baƙaƙen da ya sani. In ka fara da yi masa dariya, gobe da Faransanci zai rubuto, mun yi asararsa ke nan.

Yanzu duk sanarwar da ta zo, ina sake rubuta ta da hannuna, in kira mai ita in karanta masa kafin in shiga ɗakin shiri. Ta rasuwa kuwa, sai ya ƙirga mini ’ya’yan da sunayensu.